Ƙafafun Safiyya da Layin Malahi

Godiya ta tabbata ga Allah da yake ɗauke lafiya ya kuma mayar da ita a lokacin da ya so. Matan da muke zumunci da su a nan Jidda sun yi ta tambayata yadda ciwon 'yata Safiyya ya fara da yadda muka ƙare, har na gaji da maimaitawa a waya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai yaro ya karanta.

Sunana Rabi, 'yar Zariya ce ni. Maigidana injiniyan lantarki ne, aikin kwangila ya kawo mu. Muna zaune a unguwar Bagdadiyya, hawa na uku a wani tsohon bene marar lif. 'Ya'yanmu biyu ne, Safiyya mai shekara goma sha ɗaya da ƙanwarta Amatu mai shida.

Abin ya fara ne da gudawa ta kwana uku, irin wadda yara kan ɗauko a makaranta. Ta warke, muka manta. Bayan kamar mako biyu, wata safiya ina zuba musu shayi sai ta ce, "Umma, tururuwa na yi min yawo a tafin ƙafa." Na duba ban ga komai ba, na ce ta daina naɗe ƙafa in tana karatu. Washegari silifas ɗinta ya riƙa zamewa tana tafiya ba ta sani ba. Na yi mata faɗa, na ce yarinya ta girma ba ta iya tafiya da takalmi ba. Wannan faɗan har yau yana damuna. Rana ta huɗu ta faɗi a matakala, ta ƙuje gwiwa.

Muka kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya duba maƙogwaronta, ya auna zafin jiki, ya ce yara masu girma da sauri sukan yi haka, ya rubuta maganin ƙarin kuzari. Ko takalminta bai sa ta cire ba. Muka dawo gida da murna, tunda abin da muke so mu ji ke nan.

A mako na biyu, ranar Talata, muna sallar azahar tare ni da ita, ta yi sujada ta kasa ɗagowa. Na sallame na juyo na same ta durƙushe tana dafa ƙasa da hannu biyu. Ta ce, "Umma, ina ce musu su tashi, sun ƙi." Na kira babanta a wurin aiki, ya taho ya goya ta ya sauko da ita hawa ukun nan, muka nufi babban asibiti.

A ɓangaren gaggawa mun yi kusan awa huɗu a kan kujera, domin ba jini take zubarwa ba, ba kuma zazzaɓi, ma'aikaciyar da ke tantancewa ta sa mu a sahun masu iya jira. Da aka kira mu, wata likita 'yar Sudan ce ta karɓe mu. Ta ɗauko ƙaramar gudumar roba ta buga gwiwar Safiyya, ƙafar ba ta motsa ba. Ta sake bugawa, shiru. Na ga fuskarta ta canja. Ta tambaya ko ta yi ciwon ciki kwanan baya, na ce ta yi. Ta ce za a kwantar da ita yanzu, a ɗebi ruwan ƙashin bayanta a gwada. Sunan da ta faɗa bai taɓa shiga kunnena ba, amma tun ranar bai fita ba: Gilan-Bare. Ta yi min bayani a hankali, ta ce sojojin jikin da suka yaƙi gudawar ne suka ɓata hanya suka koma cin jijiyoyinta, kuma ciwon daga ƙafa yake farawa ya riƙa hawa. Abin da ake tsoro shi ne ya kai ƙirji.

Maganin ruwa ne da ake ɗaurawa kwana biyar, sai dai ba a fara ba sai kamfanin inshora ya amince. Kwana biyu muna jiran amincewar. Abban Safiyya ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofishin asibiti da waya, ana ce masa fayil yana hannun wane, wane ya fita salla, wane bai shigo ba. A kwana biyun nan ciwon ya hau daga gwiwa zuwa ƙugu, ya kama yatsun hannu. Na yafe, amma ban manta ba, kuma ina faɗa ne don wanda abin ya samu ya san cewa sai ya tsaya a kansu da ƙafarsa.

Duk bayan 'yan awanni sai a kawo wani bututu a ce ta hura da iya ƙarfinta, a rubuta lamba. Ni ban san ma'anar lambobin ba, fuskar nas nake karantawa. Cokali ya gagare ta, ni nake ba ta abinci. Gefen bakinta na hagu ya saki, in ta yi murmushi rabi ne ke motsi. Ga ciwon baya da na cinya, ko zanin gado ya taɓa ta sai ta yi ƙara. A rana ta goma sha biyu likitar ta shigo ta duba takardar, ta gwada hannu da wuya, ta ce, "Halas, ya tsaya." Bai kai ƙirji ba. Na fita baranda na yi kukan da na riƙe tun ranar sujadar.

Duk wannan lokacin Amatu tana unguwar Sa'alaba wurin Hajja Zahra. Hajja Zahra dattijuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanninta ne suka zo daga Kano, kuma a wurinta nake sayen daddawa da kuka. Ba dangin iya ba na baba, amma da ta ji labari ta hau tasi ta zo asibiti da kula cike da farfesu, ta ce, "Ya binti, 'yata, ba ni ƙaramar, ke ki ji da babbar." Ta tafi da ita ba tare da ta jira amsata ba.

Shawara kuwa mun sha ta. Surukata Hajiya ta bugo daga Zariya ta ce shan inna ne, a dawo da yarinya gida, akwai mai magani a Giwa da ya tayar da wata bayan shekara biyu a kwance. Wata 'yar'uwata ta ce kambun baka ne saboda hotunan da nake sawa a waya. Hajja Zahra ta kawo man zaitun da habbatus sauda, ta kuma ce ta san wani tsoho da ke yin lalas da ƙarfe mai zafi a diddige. Addu'a na karɓa daga kowa, zamzam na ba ta ta sha na shafa mata, man zaitun ma likita ta ce a shafa a hankali ba laifi. Ƙarfe mai zafi ne na ce a'a. Hajja ta yi fushi na yini ɗaya, washegari ta dawo da kunun gyaɗa. Maganar komawa gida kuwa Abban Safiyya ne ya tare ta, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in na ɗaga ta daga nan yanzu na raba ta da masu lura da numfashinta. Ki taya mu da addu'a." Hajiya ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta kuma sa aka yi saukar Alƙur'ani a gidanta.

Bayan mako uku da kwana biyu aka sallame mu, ba don ta tashi ba, sai don abin da ya rage aikin gashi ne, wato motsa jiki na asibiti, sau uku a mako. Hajja ta aro mana keken guragu a wurin maƙwabtanta. Keke ba ya hawa bene, saboda haka duk ranar gashi Abban Safiyya zai baro aiki ya goyo ta ya sauko, in mun dawo ya goya ta ya hau, rigarsa sharkaf da gumin Jidda. Bai taɓa cewa ya gaji ba, sai dai in ya ajiye ta ya daɗe tsaye a kicin yana shan ruwa.

Wata na biyu ya fi min na farko wuya. Jiki yana dawowa kaɗan-kaɗan, yau babban yatsa ya motsa, bayan kwana biyar ta riƙe kofi, amma yarinyar ta daina magana. Safiyya da sai an ce ta yi shiru a ji labarai, ta koma kallon bango. Ƙawayenta sun zo sau biyu, ta ce kar a sake barin su shigo. A ɗakin gashi sai ta yi kwance kamar kayan wanki, a ɗaga ƙafa a sauke. Mai yi mata gashin, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta ja ni gefe ta ce, "Mama, ƙafa tana jin magana, zuciyar ce ta ƙi. Ku fita da ita wani wuri da ba asibiti ba."

Haka muka je malahi, wato filin wasan nan mai lilo da jiragen wasa da ke hanyar Abhur, wata Juma'a bayan la'asar. Ni tsorona layi, don na san yadda wurin ke cika. Muna shiga wata ma'aikaciya ta ga keken, ta kira mu teburinta, ta ɗaura wa Safiyya wani koren abin hannu na roba. Ba ta nemi takarda ba, ba ta tambayi sunan ciwo ba. Ta ce duk wasan da muke so mu nuna shi, za a rubuta mana lokaci, mu je mu huta, in lokacin ya yi mu shiga ta ƙofar fita, mu huɗu gaba ɗaya. Abbanta ya ɗauke ta ya zaunar a jirgin ruwan da ke gangarowa daga sama, ya zauna a bayanta ya riƙe ta. Da suka faɗo ruwa ya watsu a kansu, na ji wata ƙara, na zabura a zatona ciwo ne. Dariya take yi. Wata biyu da rabi rabon da in ji wannan muryar. A mota ta yi ta zuba har muka iso gida, ta kuma ce wa babanta, "Abba, in za mu dawo da ƙafata zan shigo."

Daga ranar gashi ya canja. Ita ke tashina ta ce lokaci ya yi. A wata na huɗu ta miƙe da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, a na biyar ta koma sanda biyu, sannan ɗaya. Ranar da ta hau hawa ukunmu da kanta, tana hutawa a kowane hawa, mai gadin benen ya tsaya a ƙasa yana ta masha Allah. Muka wanke keken, muka mayar wa masu shi da kwalin dabino. Safiyya ce ta ce a bar ta ta tura shi da hannunta har ƙofar gidansu.

Abin da ya rage mata, wanda ido ba ya gani, shi ne tsayuwa. Tafiya tana yi, in ba ka sani ba ba za ka ce ta taɓa kwanciya ba. Amma ta tsaya wuri ɗaya minti goma, sai gwiwoyi su fara rawa, tafin ƙafa ya ɗau zafi kamar ta taka kwalta da rana, in ba ta zauna ba sai ta zube.

A wata na bakwai, cikin hutun Ƙaramar Salla, muka cika mata burinta na komawa malahin. Har da Hajja Zahra muka tafi. Safiyya ta sa sabuwar abaya, ta shiga ƙofar da ƙafarta tana waigen babanta. Muka nufi teburin nan. Ma'aikaciyar da muka sani ba ta nan, wani saurayi ne, ga wani allo a bayansa cike da rubutu. Na ce mun zo karɓar koren abin hannu. Ya dubi Safiyya sama da ƙasa, ya ce, "Na wa?"

Ya yi mana bayani, Hajja tana fassara min inda Larabcina ya gaza. An canja tsari. Yanzu sai an yi rajista a waya kwana uku kafin zuwa, a tura rahoton likita da Larabci mai hatimi wanda bai wuce wata uku ba, sannan a kira mutum ta bidiyo a yi masa tambayoyi. Koren abin hannu kuma an keɓe shi ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta jure cunkoso da jira, kuma mutum ɗaya kawai zai raka su. Masu ciwon ƙafa an faɗaɗa musu layi, ga kekuna can kyauta a bakin ƙofa, a ɗauki ɗaya a bi layi a zaune. Ya faɗa da ladabi, har ya miƙe zai turo mana keken.

Safiyya ta ce, "Ba zan hau ba."

Babanta ya sunkuya ya ce, "Na awa biyu ne kawai, Safiyya. Ba wanda ya san ki a nan."

Ta ce, "Ni na san kaina, Abba. Wata biyar ina neman sauka daga kansa." Idonta ya ciko, amma ba ta bari ya zubo ba.

Nan Hajja ta ajiye jakarta a kan teburin ta buɗe wuta da Larabci, har mutane suka fara tsayawa. Aka kira shugabar sashen, wata mata mai natsuwa, ta kai mu ofis ta ba mu ruwa. Ta ce ba don mugunta aka canja ba. Mutane ne suka mayar da abin sana'a: samari lafiyayyu su aro keke, wannan ya zauna a karɓi abin hannu, an jima wancan ya zauna, wasu su ɗauko kakarsu su ajiye ta a inuwa su yi ta shiga da sunanta su goma. Har ta kai layin ƙofar fita ya fi na shiga tsawo, yaran da aka yi abin dominsu suna ta kuka a ciki. Ban iya musa mata ba, don a zuwanmu na farko da idona na ga wani ya sauka daga keke ya ruga sayen askirim. Na ce, "Gaskiya ne. Amma ita wannan fa? Ba ta cikin masu kore, ba ta cikin masu keke. Ina za ta tsaya?" Matar ta ce ba ta da ikon ba mu komai yau, mu yi rajistar, mu rubuta duk abin da na faɗa mata.

Tunda mun riga mun shigo, Abban Safiyya ya ce shi zai bi layin, mu zauna, in ya kusa ƙofa ta zo ta same shi. Ya yi minti arba'in a tsaye. Da ta ratsa ta isa wurinsa sai wani mutum ya ɗaga murya, yana cewa ga masu tsallake layi, yarinya lafiyarta ƙalau. Wasu suka taya shi. Abbanta ya fara bayani, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Sun hau, amma ban ji dariya ba. Wasa ɗaya muka yi muka fito, Amatu tana kuka ita ba ta hau komai ba.

Kwana biyu Safiyya ba ta ce uffan ba, na ji tsoron kar mu koma gidan jiya. Na ce wa babanta a bar maganar malahin nan, ga bakin teku kyauta. A rana ta uku ita ce ta kawo min wayata ta ce, "Umma, ki yi rajistar. Ni zan yi musu magana."

Rahoton likita ya ci mako uku. Na farko da Turanci aka rubuta, aka dawo da shi. Na biyu babu hatimi. Na uku an rubuta lambar iƙamarta, wato katin izinin zama a ƙasar, ba daidai ba. Sau huɗu ina zuwa ofishin rahoto ina cirar lamba ina jira. Likitarmu 'yar Sudan, Allah ya saka mata, ita ta ƙara layi ɗaya da hannunta cewa yarinyar tana tafiya amma ba ta iya doguwar tsayuwa, kuma mayar da ita keke koma-baya ne ga jinyarta.

Ranar kiran bidiyon ta sa mayafinta ta zauna a falo. Wata mata ta fito a wayar ta fara tambayata, Safiyya ta ce da Larabcinta na makaranta, "Ni ce marar lafiyar, ki tambaye ni." Ta faɗa mata yadda gwiwa ke rawa, da yadda tafin ƙafa ke zafi, da abin da mutumin nan ya ce a layi. Ta ce, "Ba so nake in riga kowa ba. In jira nawa jiran, amma a zaune, ba a keke ba." Ina gefe ina jin ta, na rasa a ina ta koyo wannan tsayuwar magana.

Bayan kwana biyar amsa ta zo. Ba su ba mu kore ba. Na ji haushi da farko, sai na karanta har ƙasa. Sun ba ta kati ruwan ɗorawa mai hotonta, na wata shida. Da shi mutum ɗaya zai riƙe mata layi ta zauna a benci, in ya kai ƙofa ma'aikaci ne da kansa zai zo ya shigo da ita, ba ita za ta ratsa mutane ba. In kuma tana so ta bi layin, an yarda ta shiga da ƙaramar kujerar naɗewa, wadda da an hana shiga da ita. Ban sani ba ko don mu aka fara wannan ko da ma yana nan ba a faɗa wa na teburi ba. Har yanzu ina ganin bai kamata yarinya ta sha wannan zirga-zirgar kafin ta hau lilo ba, kuma ina tuna waɗanda ba su da iƙama, ballantana rahoto mai hatimi. Amma abin da ta roƙa shi aka ba ta.

To, ga abin da nake so iyaye su riƙe. In yaro ya ce ƙafarsa na yi masa wani iri, takalmi na zamewa, yana faɗuwa ba dalili, musamman bayan gudawa ko mura, kar a tsaya faɗa kamar yadda na yi, kar kuma a yarda da likitan da bai duba ƙafar ba. In kuma za ku kai mai jinya irin waɗannan wurare, kar ku dogara da yadda kuka sani bara. Ku bincika tun daga gida, ku nemi rahoto da wuri, ku duba hatimi da lambar iƙama kafin ku bar asibiti, kuma ku sa likita ya rubuta abin da yaron ba ya iyawa, ba sunan ciwon kaɗai ba.

Mun koma a wata na tara, wata Asabar da yamma, iska na kaɗawa daga teku. Abbanta ya sayo mata kujerar naɗewa mai ƙafa uku, marar nauyi, tana rataye ta a kafaɗa kamar jaka. Wasa biyu na farko shi ya riƙe mata layi, ma'aikaci ya zo ya kira ta da sunanta, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na uku ta ce da kujerarta za ta bi. Amatu ta hau dokin roba har sau uku.

Da rana ta kusa faɗuwa muka zo gindin babban lilon nan mai juyawa sama, wanda ake hango teku daga kansa. Hajja Zahra ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wallahi shekara sittin da wani abu ina garin nan, ban taɓa hawa abin nan ba."

Safiyya ta ce, "Yalla, Hajja, mu je."

"Ni? Da wannan gwiwar?"

"Ni ma da tawa."

Muka shiga layin mu uku, Abbanta ya tsaya da Amatu. Safiyya tana zama, layi ya matsa ta ɗaga kujera ta matsa. Ba a yi nisa ba na ga Hajja tana sauya ƙafa, tana dafa ƙarfen gefe, gumi na tsattsafo mata. Safiyya ta miƙe ta tura mata kujerar.

Hajja ta ce, "La, ya binti, ni ba ni da rahoto mai hatimi."

"Zauna, Hajja. In na gaji zan faɗa."

Na so in hana, sai na ƙyale su. Haka suka ƙarasa layin suna karɓa-karɓa, tsohuwa ta zauna yarinya ta dafa kafaɗarta, an jima su sauya. Da muka iso ƙofa Hajja ce a kai. Ma'aikaciyar da ke ƙofar ta ga kujera, ta ga katin ruwan ɗorawa a hannuna, ko hoton ba ta duba ba. Ta kama hannun Hajja ta tashe ta a hankali tana cewa sannu ya ummi, Allah ya ƙara sauƙi, sannan ta juya ga Safiyya ta ce ta riƙe kakarta da kyau in an fara juyawa.

Ban gyara mata ba. Safiyya ta naɗe kujerarta ta rataya, ta kama hannun Hajja ta shigar da ita. Kafin a rufe ƙofar ta leƙo, fuskarta kamar an ba ta kyauta, ta ce min da Hausa a hankali, "Umma, ba ta gane ni ce ba."